Shekarar da Ba a Karya Sefa Ba

Na san abin da kuka taso kuna ji a gari, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗinsa a gabana: wai da dukiyar Baffanku Umaru na gina gidan nan, wai na ji wani labari na ɓoye masa. Ban taɓa tanka wa kowa ba. A lokacin yana raye, yana da bakinsa, kuma shi ne babba. In ya ga dama ya yi magana, in bai ga dama ba, ba ni zan riga shi ba. Yanzu Allah ya karɓi abinsa, ni ma gwiwa ta fara ƙin tashi, ga shi ku da ɗiyansa kuna haɗuwa wurin suna da biki kuna gaisawa sama-sama. Saboda haka zan faɗi yadda aka yi. In kun karanta, ku ba su su ma su karanta.

Kakanku ɗan canji ne a kasuwar Shinkafi. Rumfarsa tana kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Sana'ar ba ta da wani sirri. Mutanen Nijar su koro dabbobi su sayar, a ba su naira, su kuwa sefa suke so su koma da ita gida. Wasu kuma su zo da sefa suna neman naira don su sayi gero da atamfa da sauran kayan masarufi. Baba yana zaune a tsakani bisa tabarma, da adakar ƙarfe a gefensa, ya karɓi wannan ya ba da waccan, ɗan abin da ya rage tsakanin farashin biyu shi ne abincinmu. Bayan canji akwai ajiya. Makiyayi ba ya son yawo da kuɗi a daji, ba ya kuma shiga banki, sai ya ƙulle abinsa a tsumma ya miƙa wa Baba, ya tafi wata da watanni. Ba a biyan ko kwabo a kan ajiya. Abin da take jawowa shi ne suna, suna kuwa shi ke kawo masu canji. Mu biyu ne maza a gidan, Yaya Umaru da ni, kuma duk a rumfar muka girma. Shi ya iya mutane, yana iya sa baƙo dariya kafin ya gama kwance lalitarsa. Ni abin da na iya shi ne zama.

Kafin a ba mu jiha da 'yan shekaru aka karya sefa. Wata safiya rediyo ya ce shugabannin ƙasashen da ke amfani da ita sun zauna da Faransa a wani birni da ba mu taɓa gani ba, sun raba darajarta biyu. Lokacin kakar shanu ne, Baba ya tara sefa fiye da kullum yana jiran masu komawa gida. Ba ɓarawo, ba gobara, takardun suna nan a adaka yadda ya jera su, amma kusan rabin abin da ya tara tun yana saurayi ya tafi tsakanin asuba da hantsi. Ni ina Zurmi ranar, na je gaisuwar mutuwa. Umaru ne a rumfa. Shi ya ga Baba ya buɗe adaka ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya rufe, ya ce a ɗebo masa ruwan alwala, alhali lokacin salla bai yi ba. Baba bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya ci gaba da fita kasuwa, sai dai ya daina ba'a da dillalai, ya rage cin abinci, kafin damina ta fita muka kai shi makwancinsa. A asibiti an ce hawan jini ne. Umaru ya ce sefa ce. Ku riƙe wannan, don da shi za ku gane sauran: shi ya ga fuskar Baba a ranar, ni labari aka ba ni.

Muka fitar wa Inna da 'yan'uwanmu mata haƙƙinsu na gado, namu rabon muka bar shi a adaka ɗaya muka ci gaba. Sai ga sabuwar jiha. Da aka raba mu da Sakkwato kuɗi suka fara shigowa ta hanyoyin da ba mu saba ba: 'yan kwangila, sabbin ma'aikata masu neman ragon suna da na layya, fatake daga Gusau da Kaura Namoda suna lodin shanu zuwa kudu. Kara ta cika, mu ma muka farfaɗo. Cikin 'yan shekaru adaka ta koma kusan yadda Baba ya san ta, wajen rabi naira, rabi sefa.

Ana cikin haka, bayan an cire amfanin gona, sai wata magana ta fara gangarowa daga arewa. Wai ƙasashen Turai za su jingine kuɗaɗensu su yi guda ɗaya, sunansa yuro, ranar da shekarar bature za ta shiga. Faransa ma za ta bar nata. Sefa kuwa a jikin kuɗin Faransa take ɗaure, kowane ɗan canji ya san wannan. In an tuge turken, a ina za a ɗaure ta? Wasu suka ce za a sake raba ta biyu. Wasu suka ce sauran Turawan ba za su yarda su ɗauki nauyin talakawan Afirka ba, sakin ta za a yi gaba ɗaya ta zama takardar ƙunsa ƙosai. Rediyo kuma kullum da labarin wata ƙasa da kuɗinta ya faɗi, yau can gabas mai nisa, gobe Rasha, bankuna na rufewa, mutane na cirko-cirko a ƙofa. A nan gida ma ba a daɗe da rufe wasu bankuna da kuɗin jama'a a ciki ba. Ba wanda ya fahimci yadda waɗannan abubuwa suke haɗe, amma kowa ya ji a jikinsa a haɗe suke. Duk ranar kasuwa farashin sefa sai ya ƙara sauka a wurinmu, don masu son rabuwa da ita sun fi masu nema.

A cikin adakarmu akwai ajiyar wani dattijo Bafillace mai suna Jabbi, mutumin wajen Jangeru, wanda tun zamanin Baba yake kawo mana. Kafin damina ya sayar da bijimai da yawa, ya ce a mayar masa da kuɗin sefa, don a ganinsa naira ba ta zama wuri ɗaya. Ya ƙulle ya ba mu, ya bi garkensa ya tsallaka iyaka, har aka gama girbi bai dawo ba. Ajiyarsa ta kusa kai duk sefarmu yawa.

Wata ranar kasuwa da la'asar muna naɗe tabarma, Umaru ya ce:

"Isiya, mako mai zuwa za mu fid da sefa duka. Tamu da ta Jabbi."

Na ce, "Tamu dai, Yaya. Ta Jabbi ba tamu ba ta."

"In anka karya ta, mi za ka ce mishi? Ka ce kana zaune kana kallo rabin shanunai sunka mutu cikin adakarka?"

"In kuma ba a karya ba hwa? Mun sayar mishi da ita da araha. Sefa yab ba mu, da hannunai yaɗ ɗaure. Bai ce a taɓa ba."

Ya dube ni, ya ce, "Wanda bai ga Baba ba ran nan shi ka wagga magana."

Na ci gaba da naɗe tabarma.

Na ce to bari in nemo mai dukiya ya faɗi da bakinsa. Na je Jangeru, danginsa suka ce yana can gaba da Maraɗi, ba su san rijiyar da yake shayarwa ba. Na tsallaka Maraɗi na yi ta tambaya a kara, ba wanda ya gan shi. Kafin in juyo sai na tuna da wani mutum da Baba ya sani, ma'aikacin banki ne a garin. Na same shi a zaurensa bayan ya taso aiki, na tambaye shi gaskiyar magana.

Ya ce, "Takarda ta zo muna daga sama. Ta ce ba a taɓa sefa, ɗaure ta za a yi ga sabon kuɗɗin yadda take."

Na ce, "Ke nan in kwantar da hankalina?"

Ya yi dariya, ya nuna mini wani ɗaki da ke buɗe a gefen zauren, cike da buhunan siminti har rufi.

"Wancan karon ma har jajibiri suna rantsuwa ba a taɓa ta. Ni dai ga inda 'yan kuɗɗina sunka shiga."

Wannan ita ce tafiyar da daga baya aka ce a cikinta aka ba ni sirri. Abin da na jiyo ke nan, ba ragi ba ƙari, kuma ranar da na dawo na faɗa wa Umaru duka biyun, takardar da simintin, a tsakar gida, Inna tana zaune tana tsince wake. Da na gama ya ce:

"To ka ji. Mai banki da kainai ya gudu, kai kana tsaye."

Azumi saura 'yan kwanaki ya kawo maganar rabo. Ya ce tunda na ƙi a taɓa ajiya, kuma ba ni da gaggawar fitar da tamu, shi ba zai zauna ya ga abin da ya gani sau biyu ba. A raba adaka. Shi ya ɗauki rabonsa da naira zalla, ni in ɗauki sefa da rumfa da ajiyar Jabbi, a yi lissafi bisa farashin kasuwa na ranar. Aka kira dattawa biyu daga cikin 'yan canji suka shaida. Da yake sefa ta faɗi ƙwarai a ranar, sai ya zama dukkanta ta faɗo gare ni, har da ɗan cikon naira a kai. Aka yi komai a zama ɗaya, hannu da hannu. Inna tana daga ƙofar ɗakinta, ba ta sa baki ba sai da shaidu suka fita.

Ta ce, "Ubanku bai taɓa raba adaka ba."

Umaru ya ce, "Inna, shi yas sa tac cinye shi."

Can ta ce, "Kun girma. Abu guda nika roƙo, kada in ji ku gaban alƙali, ina raye ko na mutu."

Mutane sun ɗauka wayo ne ya sa na karɓi sefar. Ba wayo ba ne. A zuciyata na fi zaton Umaru ne da gaskiya. Ranar na shiga ɗaki da jin cewa yayana ya zaɓi lafiyayyar dabba ya bar mini mai tari. Na karɓa ne don dole wani ya zauna a kan ajiyar Jabbi, don ba zan ja da babba a gaban Inna ba, kuma don ban iya wata sana'a ba. Shi kuwa cikin satin ya kwashi iyalinsa ya koma Kaura Namoda, ya zuba kuɗinsa a wata tsohuwar babbar mota. Ya ce daga yau sai abin da zai iya taɓawa da hannu, wanda rediyo ba ya iya raba shi biyu.

Azumin shekarar ya zo da sanyi da hayaniyar siyasa, don soja na shirin sauka, ana yawon neman ƙuri'a, kuma maganar Shari'a ta fara yawa a wurin tafsiri. Malamai na jan kunne a kan riba, har wasu matasa suna cewa canji ma da alamar tambaya a kansa. Ni ina rumfa ni kaɗai. Masu gudun sefa suna zuwa, ina saye da ɗan cikon nairar da ya rage mini, ba don ina so ba, sai don ɗan canjin da ya ce ba ya saye ya rufe ke nan. Mahaifiyarku Luba tana da tsohon ciki a lokacin. Ban gaya mata komai ba, amma na lura miya ta fara zuwa ba nama, kuma tunkiyarta guda ba ta a turke. Wata rana muna buɗa-baki ta ga na ajiye kunu na kara rediyo a kunne.

Ta ce, "Malam, in anka karya ta, sai mi?"

Na ce, "Sai mu koma talakawa."

"Da can sarakai muke? Gona na nan. Sha kununka shina hucewa."

Shekarar bature ta shiga ana tsakiyar azumi. Rediyo ya ce sabon kuɗin Turai ya fara aiki, an ɗaure sefa a jikinsa yadda take. Ba wanda ya yarda. Aka ce jira suke a yi sati. Sati ya wuce, aka ce sai bayan Salla. Aka yi Salla, aka ci tuwo, ba abin da ya faru. Sai masu shanu suka fara zuwa neman sefa kamar kullum, waɗanda suka zubar da tasu suka dawo suna neman saye, ita kuwa ta yi ƙaranci a kasuwa. Farashi ya koma inda yake, ya ɗan wuce. Kafin Babbar Salla abin da ke adakata ya fi duk abin da Baba ya taɓa riƙewa. Ban yi wata dabara ba. Na zauna ne kawai a inda aka bar ni.

A tsakanin nan Jabbi ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, da sandarsa a kafaɗa. Na ɗauko masa ƙullinsa, ya duba ɗaurin ya ga nasa ne, ya cusa a aljihun taguwa. Na ce masa ya ba mu wahala, na bi sawunsa har Maraɗi saboda maganar yuro.

Ya ce, "Wane Yero? Ɗan wa?"

Inda yake ba rediyo. Duk abin da ya raba gidanmu bai kai kunnensa ba. Na fara yi masa bayani, na ga hankalinsa yana kan wata saniya da ake ja a kara, sai na bari.

Bayan Babbar Salla na tafi Kaura Namoda. Na sami Umaru a tasha, yana kwance ƙarƙashin motarsa tare da bakanike. Motar ta fi zama a gareji da hawa titi, naira kuma tana ta zamewa, kayan gyara suna ƙara tsada. Ya fito yana share baƙin mai a hannu, muka gaisa, ya tambayi lafiyar Inna da ta Luba mai jego.

Na ce, "Yaya, na zo a sake rabon nan bisa tsohon farashi. Abin da yah hau kai, a raba shi biyu."

Ya ce, "Da an karya ta, da ka zo in cika maka?"

"Da ban zo ba."

"To ni ma ba ni karɓa. Ni nac ce a raba, ni nak kira shaidu. Ciniki ya faɗa."

Ya tsaya yana murza wani tsumma a hannunsa, idonsa a kan taya. Sannan ya ce:

"Abu guda nika son sani. Mi mutumin nan na Maraɗi yac ce maka wanda ba ka hwaɗa min ba?"

"Babu, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya koma ƙarƙashin mota.

Ban san wa ya fara sa masa wannan a rai ba. Mai yiwuwa ba kowa. Mutum yana iya haƙura da asarar da ƙaddara ta kawo wa kowa da kowa, amma wadda ta zaɓe shi ta tsallake ƙanensa tana neman dalili, dalilin da ya fi kusa kuwa shi ne tafiyata Maraɗi. A kasuwa ma haka aka ɗauka. Mutanen da suka yi mini kallon tausayi da azumi su ne suka koma cewa ai Isiya shiru-shirunsa ba banza ba.

A ƙarshen shekarar aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Jama'a suka yi ta tono tsofaffin rigingimu, na gona da na gado da na ciniki, suna kai wa alƙalai. Na ji surukan Umaru sun matsa masa ya kai ni, wai an yi masa ɓoye a ciniki. Bai kai ni ba. Ko maganar Inna ce ta riƙe shi, ko ya san ba shi da hujja, bai taɓa faɗa ba. Ni ne ma na kasa zama, na tafi Zurmi wurin wani malami da Baba yake girmamawa, na kwashe labarin na faɗa masa. Ya tambaye ni ko an yi musayar a zama ɗaya, hannu da hannu. Na ce e. Ya tambaya ko da yardar kowa, da shaidu. Na ce e. Ya tambaya ko na ɓoye wani abu da na sani. Na ce ban san komai ba balle in ɓoye.

Ya ce, "Dukiyarka halal ta. Abin da yar rage tsakaninku ba na alƙali ba na, ba kuma nawa ba."

Haka muka zauna kusan shekara goma. Ba gaba muke ba. Muna gaisawa a jana'iza, yana aiko wa Inna da buhun shinkafa, in na je Kaura Namoda ina tsayawa ƙofar gidansa a gaisa a tsaye. Da Inna ta rasu tare muka saka ta a kabari, shi ta wajen kai, ni ta wajen ƙafa, muka karɓi gaisuwa a tabarma ɗaya, ranar uku ya koma. A shekarun nan na yi gidan nan, na je Makka, na kai mahaifiyarku. Shi kuma ya sha wuya da motar nan tukuna, sannan a hankali ta fara biya, ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku, yana ɗaukar hatsi da albasa zuwa kudu. Ni kuwa sunan mai hangen nesa ya bi ni. Mutane suna zuwa rumfa su tambaye ni ko dala za ta hau, ko su sayar da wake yanzu ko su jira. Ina ce musu Allah ne masani, su ɗauka rowa nake yi.

Sai zamanin hannun jari ya zo. Bayan an haɗe bankuna, samari masu ɗaure da wuya suka riƙa zuwa har kasuwar Shinkafi suna tallar takardu, wai ka sayi wani yanki na kamfani a Legas, kana gida yana haihuwa. Na guje wa na bankuna saboda kuɗin ruwa, na sayi na masu siminti da sukari da fulawa, abubuwan da na ga ba ranar da za a daina bukatarsu. Shekara biyu suna hawa. Na ƙara, na sake ƙarawa, har na taɓa jarin rumfa. Da yawa a kasuwa sun saya ne don sun ga na saya, ko da yake ban ce wa kowa ya saya ba. Rannan rediyo ya fara maganar wasu mutane a Amurka da suka kasa biyan kuɗin gidajensu, bankunan can suna durƙushewa. Na ji, na ce Allah ya kyauta musu. Ashe Turawan da suka zuba kuɗi a kasuwar Legas za su kwashe nasu su tafi ceton gida. Farashi ya riƙa faɗuwa kullum, ka ce a sayar maka, a ce ba mai saye. Ana nan ana shan shayi da sukari, ana gini da siminti, amma takarduna sun koma abin da bai kai a faɗa ba. Gida ya tsira, gona ta tsira. Adaka kuwa ana iya ɗaga ta da hannu ɗaya.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina zaune ba ciniki, sai na ga inuwa a bakin rumfa. Umaru ne, ya yi furfura, ya yi ƙiba. Ya tuɓe takalmi ya hau tabarma ya zauna, ya jingina da ginshiƙi. Muka gaisa har ƙarshen gaisuwa.

Ya ce, "An ce Amurka ta cinye ka."

"Haka anka ce."

"Duka?"

"Saura kaɗan."

"Ba wanda yag gaya maka tun da wuri? Ba ka da mutum can?"

Na ce, "Yaya, wa ag gare ni Amurka?"

Sai ya fara dariya. Ya yi ta yi har tari ya kama shi, hawaye na zuba, masu wucewa suna leƙowa. Ni ban yi ba da farko, daga baya ta kama ni. Da ya lafa ya share ido da bakin riga, ya ce yana da matsala a Moriki. Yaran da ke saya masa dawa suna ha'intarsa a awo, yana neman wanda zai iya zama a wuri ɗaya tun safe har yamma ba ya gajiya, ya sa ido, ya riƙe kuɗi. Ya ce ya duba duk Kaura Namoda bai samu ba. Bai ce taimako ba ne, ni ma ban yi godiya ba. Maganar Maraɗi ba ta sake fitowa daga bakinsa ba har ya koma ga Allah, kuma ban sani ba ko yarda ya yi ko gajiya. Ban tambaya ba.

Ranar kasuwar Moriki Umaru ya zo Shinkafi ya ɗauke ni. Na zauna a gaban mota tsakaninsa da direba, giyar mota na bugun gwiwata duk ramin da muka faɗa. Tun daga fitowa gari yake koya mini yadda ake gane dawa sabuwa da wadda ta kwana a rumbu, da yadda ake tsayawa da dillali, kamar ban taɓa shiga kasuwa ba. Na ƙyale shi ya yi ta faɗa har muka isa.